Akwatin Fada Mati

Kwanana tara a Alƙahira na gano cewa takardar da ta kawo ni ta jabu ce.

Sunana Lawal, mutumin Pauwa ne ni, kuma na shekara goma sha ɗaya ina koyar da Larabci a wata makaranta a Ƙanƙara kafin wannan tafiya. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Nura, wanda ya daɗe a Masar, shi ya aiko mini da takardar, ya ce ya samo mini gurbin karatun digiri na biyu a fannin adabi. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, ya rungume ni kamar wanda muka sha nono ɗaya, ya kai ni wani ɗaki a hawa na shida inda ɗalibai biyar suke kwana. Kullum na ce mu je makaranta sai ya ce, "Ustaz, ka huta tukuna, nan ba a gaggawa." Ranar ta tara na gaji, na tambayi hanya na tafi da ƙafata. Matar da ke ofishin rajista ta juya takardar gaba da baya, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Daga ƙarshe ta ce mini hatimin ba nasu ba ne, kuma mutumin da aka sa sunansa a ƙasa ya yi ritaya tun da daɗewa. Na kira Nura a bakin ƙofa, waya a kashe. Ban sake sa shi a ido ba har yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne walimar da aka yi mini a gida. Ɗalibaina sun yi mini addu'a, mahaifiyata ta gaya wa duk wanda ya shigo gidan cewa Lawal ya tafi Misra ƙaro ilimi. Ta yaya zan koma bayan sati biyu in ce an yi mini wayo? Ga bizata ta wata uku ce kacal, idan ban samu makaranta ba ba za a ba ni iƙama ba, wato takardar izinin zama. Na yanke shawarar in yi shiru in ga abin da Allah zai yi.

A cikin wannan hali ma garin bai bar ni na zauna da baƙin cikina ba, don komai nasa abin kallo ne. Na zo da Larabcin littafi, ina ji da shi, sai na tarar mutanen gari wani abu daban suke yi. Ranar farko da na je sayen burodi na jero wa mai gidan burodin jimla cikakkiya da wasullanta. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira yaransa na aiki ya ce su zo su ji, ga wani ya fito daga cikin huɗubar Juma'a. Sunansa Ammu Sabri, ƙaton mutum mai gashin baki. Ya yi mini dariya har da hawaye, sannan ya ƙara mini burodi biyu. Da ya ji labarina bayan 'yan kwanaki, sai ya ce in riƙa zuwa da safe ina jera burodi a kan katako, in ci abinci tare da su. A wurinsa na koyi cewa abin da nake kira burodi su “rayuwa” suke ce masa. Na yini ina juya wannan a raina.

Abinci kuwa wake ne da safe, wake da rana. Wake mai daɗi, ba laifi, amma akwai ranar da na tsaya a kan gada ina kallon kogin Nilu, ruwa iya ganinka, ni kuwa ba abin da nake so a duniya irin tuwon dawa da miyar kuka. Matata Hadiza ta ƙulla mini daddawa da yaji a leda. Ba na ma girki da su. Buɗewa nake yi in shinshina in mayar.

Ammu Sabri ne ya ce mini, "Kai da kake son littattafai, me ya hana ka zuwa wurin ruhubanawa? Suna da ɗakin karatu a bayan layin nan, kowa shiga yake yi." Na ce ruhubanawa kuma? Ya ce, "Malaman Kirista. Ɗan ƙanwata a can ya rubuta digirinsa, kuma liman ne yanzu."

Na yi kwana uku ina kai-komo a raina kafin na je. Gida ne mai lambu, da itatuwan lemo, shiru kamar ba a cikin Alƙahira ba. A ciki na ga ɗalibai masu rawani da mata masu hijabi kowa ya duƙufa. Na cika takarda a wurin mai kula da ƙofa, inda aka ce gari na rubuta Katsina, Nijeriya. Ban kai rabin awa da zama ba sai na ji an dafa kujerata.

"Sannu da hutawa, Malam. Katsina ta wane ɓangare?"

Da Hausa. Na ɗaga kai na ga wani tsohon Bature dogo, ya ranƙwafa, da sanda da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Na ce masa Ƙanƙara.

"Ƙanƙara cikin gari, ko ƙauye?"

"Pauwa."

"Ikon Allah. Mi ya hwaru ka baro Pauwa da damina, wa zai yi maka noma?"

Hausar kakata ce a bakinsa, irin wadda mu ma yanzu ba mu cika yi ba. Na miƙe na gaishe shi kamar yadda ake gaida dattijo, ya ce mai kula da ƙofa ne ya gaya masa an samu baƙo daga Katsina. Ya ce Misirawa Abuna Matta suke kiransa, amma a ƙasar Faskari Fada Mati ne, kuma ya fi son wannan.

Muka fita lambu. Ban yi niyyar gaya masa komai ba, amma jin Hausa ya kwance mini baki. Ya saurara har na gama, bai ce kaico ba. Ya ce akwai jarrabawar shiga da ake yi a wata cibiya nan da sati shida, kowa yana iya zama, ba a bukatar ɗan tsakiya. Sannan ya karanto wani baiti ya ce in gaya masa a wane ma'auni yake. Na laluba ban gano ba. Ya karanto wani, nan ma haka.

"Shekara nawa ka ce kana koyarwa?"

"Sha ɗaya."

"Nahawu ne da kai, ba ka da kunne. Za su kada ka a aruli." Aruli shi ne ilimin awon waƙa, kuma gaskiya ya faɗa, haddace shi na yi don jarrabawa na manta. Ya ce, "Ni kuma kunne gare ni, ido ya tahi. Ka zo bayan azahar ka karanta mani, in gyara maka kunne."

Haka muka fara. Yakan ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa yana bin baiti, ni ina bi, in na yi tuntuɓe ya ce, "Sake." Ba ya yabo. Wata rana na maimaita baiti ɗaya sau goma sha wani abu har na ji haushi, na ce a raina wai ni Musulmi, malamin Larabci, Fada ne zai koya mini harshen addinina. In lokacin la'asar ya yi kuwa shi ke tuna mini, ya nuna mini wani lungu a lambun da tabarma a jingine.

Tambaya ta cika mini ciki, kuma ni ba mai iya riƙe tambaya ba ne. Labarinsa a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan. Ɗan manomi ne daga ƙasar Holan, su tara a wurin uwarsu. Yana da shekara ashirin da bakwai aka turo shi aiki cikin Maguzawan ƙasar Faskari da Sabuwa. Yana yawo a kan babur daga wannan gida zuwa wancan, yana wa'azi, yana wanke gyambo, yana koyar da karatun boko a gindin itace. Wata damina ya taso daga kasuwar 'Yankara, rafi ya cika ya tare masa hanya, dole ya nemi mafaka a wani ƙauye na Musulmi. Aka sauke shi a zauren wani malami, Malam Ishaƙa. Da yamma ya ji malamin yana rera wani abu da Larabci, yana kaɗa ƙafa. Ya ɗan taɓa Larabci a makarantar limamansu, ya tsinci kalma biyu-uku, sai ya tambaya ko addu'a ce. Malam ya ce a'a, waƙa ce, shi ya yi ta, a kan farin da aka yi shekarar da ta wuce.

"Na zo ina ganin ni na kawo haske ƙasar da ba a karatu," in ji shi. "Sai ga mutum da tsohuwar riga, ƙahwa duk taɓo, yana auna waƙa da harshen da ni ban iya haɗa jimla da shi ba. Kunya ta kama ni, daga baya kwaɗayi ya kama ni."

Rafi ya janye bayan kwana biyu, amma shi ya ci gaba da dawowa duk ranar kasuwa, har shekara bakwai. Mutanen ƙauyen wasu ba su so ba, suka ce Malam yana ba kafiri makami. Manyansa na coci su ma ba su so ba, suka ce an aike shi kiwon tumaki ya koma ɗalibta. Malam Ishaƙa ya ce shi harshe yake koyarwa da waƙa, kuma bai taɓa korar mai tambaya ba. Daga baya manyan nasa suka ga ba zai bari ba, suka turo shi Masar ya yi karatun sosai. Nan ya zauna fiye da shekara arba'in, yana koyarwa, yana gyara tsofaffin rubuce-rubucen waƙa ana bugawa.

Ranar da ya kawo ƙarshen labarin na yi ta maza na ce, "Fada, in tambaye ka, kada ka ji haushi. Duk wannan karatu, ka san Alƙur'ani ka san hadisi, me ya hana ka musulunta? Ko kuwa so kake ka san mu don ka san ta inda za ka ɓullo mana?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce tambaya ta biyun ita ce ta gaskiya, kuma da farko akwai hakan a ransa, ba zai ɓoye ba. Ya ce ya yi wa mutane da yawa baftisma a ƙasarmu, bai yi nadama ba, abin da ya gaskata ke nan har gobe. "Amma ba a shekara hamsin da waƙar mutane don a yaƙe su, Lawal. Sai an so su. Malam kuwa har na baro yana roƙa mani shiriya bayan kowace salla, a gabana yake hwaɗi. Ni ma ina yi mashi tawa. Ba wanda ya ci wani." Ban gamsu gaba ɗaya ba, kuma na gaya masa. Ya ce ba laifi, in ɗauko littafi mu ci gaba.

Jarrabawa ta zo, na faɗi. Ba a aruli ba ma, a rubutun insha'i, don na ɓata lokaci ina ƙawata gabatarwa har aka karɓe takarda. Saura kwana goma sha biyu bizata ta ƙare. Na je na gaya masa, ina jiran ya ce zai yi wa wani magana. Ya ce shi ba ya roƙa wa mutum abin da bai ci ba. Amma ya ce ana sake zama ga waɗanda suka faɗi darasi ɗaya, kuma ana ba su takardar shaida da za su kai ofishin iƙama a ƙara musu wata guda. Washegari tsohon nan da sandarsa ya bi ni ofishin, muka yi awa huɗu a layi, yana zaune a kan dakali cikin rana, don kawai ya san tagar da ake bi da wadda ba a bi. A zama na biyu na ci. Sai a ranar na kira gida na gaya wa Hadiza duk abin da ya faru tun daga farko. Ta ce ai ta sani, muryata ta gaya mata tun watan farko.

Don murna na sayi garin masara, na tuƙa tuwo a ɗakinmu, na kaɗa miyar kuɓewa da daddawar nan da nake ta adanawa, na kai masa a kwano. Da na buɗe, ya sunkuyar da kai cikin tururin ya daɗe bai ɗago ba. Ya wanke hannu ya ci da hannu, ya ce tuwon ya yi ruwa, matan Faskari za su yi mini dariya. Bai rage ko loma ba.

A shekarata ta biyu ya faɗi a matakala, ƙugu ya karye. Aka mayar da shi wani gidan kula da tsofaffin limamansu a Iskandariyya, bakin teku. Nakan hau jirgin ƙasa duk ƙarshen wata in je. A zuwa na uku na tarar an ajiye wani akwatin ƙarfe a gefen gadonsa, irin wanda ake yi a kasuwanninmu, fentinsa ya kode. Ya ce in buɗe. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, guda goma sha huɗu, cike da Larabci da irin rubutun allonmu, amma hannun Bature. Waƙoƙin Malam Ishaƙa ne da na wasu malamai na ƙasar Ƙanƙara da Sabuwa, ya kwafe su da izininsu, kowace da sunan mai ita da garinsa. A gefe akwai gyare-gyare da jar tawada, hannun Malam da kansa.

"Na so in buga su, kullum ina cewa baɗi. Sai ido ya tahi. Yaya ƙauyen Malam yake yanzu?"

Na san ƙauyen, kuma na san abin da ya same shi. Na ce masa ya watse, rashin tsaro ya kori kowa, gidajen ma an ƙone. Ya daɗe yana kallon wajen taga, ko da yake ba na jin yana ganin tekun.

"To ka ga waɗannan su kaɗai suka rage ke nan. Ɗakin karatunmu sun so in bar masu. Na ce su ɗauki hoto, amma takardun aro ne, gida za su. Malam yana da ɗiya, Rabi, tana 'yar ƙarama sa'ad da nake zuwa. In tana da rai ka kai mata."

A kan waƙoƙin na rubuta kundin digirina. Malamar da ta duba ni ta yi mamaki, ta ce ba ta san ana irin wannan a ƙasar Hausa ba, kuma ban ji daɗin mamakin nata ba. Da na je yi wa Fada sallama ya rame ƙwarai, yana magana yana cakuɗa Hausa da Larabci da harshen garinsu. Ya riƙe hannuna ya ce in gaida mutanen 'Yankara, ya jero sunaye, na san yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na ce za su ji. Sati uku da dawowata aka aiko mini saƙo a waya cewa ya rasu, an binne shi a can.

Neman Rabi ya ɗauke ni wata biyu. A 'Yankara wani mai sayar da hatsi ya ce mutanen ƙauyen sun kasu, wasu Faskari wasu Funtuwa. A Faskari wani tsohon ladan ya ce ai Hajiya Rabi tana Sabuwa wurin ɗanta mai gyaran babur. Na shiga motar haya da akwatin a kan cinyata, ban yarda an ɗaure shi a sama ba.

Na same ta tana tsince wake a tsakar gidan haya, tsohuwa 'yar siririya. Na gaishe ta, na ce daga Masar aka aiko ni, wurin Fada Mati. Ta ajiye faifan.

"Baturen Malam? Mai babur? Yana nan da rai?"

Na ce ya rasu kwanan nan. Ta yi salati. Can ta ce, "Allah shi ya san tsakaninshi da bawanshi. Mutumin kirki ne dai." Ta ce littattafan mahaifinta a buhu biyu suke, sun gudu sun bar su, ba su fita da komai ba sai kayan jikinsu. Na tura mata akwatin. Ta buɗe littafi ɗaya a juye, ta shafa jar tawadar da yatsa, ta ce wannan hannun Malam ne, ko a mafarki ta san shi. Ba ta jin Larabci. Ta ce in karanta mata ko ɗaya ce, in fassara.

Na zaɓi wata gajera da Malam ya yi lokacin rasuwar matarsa. Na rera ta kamar yadda aka koya mini, sannan na shiga fassara baiti-baiti. Yana cewa gidan ya yi masa faɗi. Yana cewa ya ga turminta a kife bai iya ɗaga shi ba. Yana cewa ta bar masa jaririya da ba ta san an yi rashi ba, tana ta dariya. A baiti na bakwai ya siffanta matar, ya ce doguwa ce, mai saurin tafiya, mai wushirya, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi.

Hajiya Rabi ta ɗaga mini hannu na tsaya.

"Wushirya ka ce?"

"Haka ya rubuta, Hajiya."

"Ina da wata bakwai ta rasu. Ba hoto. Malam bai taɓa yi mani zancenta ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya." Ta kai yatsa ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba, inda tata wushiryar take. "Shekara sittin da wani abu ban san inda na samo ta ba."

Ta share ido da bakin zane, ta ƙwala wa jikokinta kira su zo su zauna. Da suka taru ta gyara zama, ta ce, "Malam Lawal, koma daga farko. A hankali."